Giyar tsohuwar a-kori-kurata tana sulɓewa: in buɗe ta a gida ko in kai wa masu gyara?

Baban_Hanif_Texas:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin masu sana'a da ke cikin wannan zaure. Ina da tsohuwar a-kori-kura, Chevrolet C10 ƙirar 1978, injin V8 mai lita 5.7, giyarta otomatik mai hawa uku. Injin lafiyarsa lau, giyar ce ta kawo matsala. Tana tashi a na ɗaya daidai, ta shiga na biyu ba gardama, amma da ta zo na uku sai injin ya yi ta ƙara, motar kuwa ba ta ƙara gudu. Ribas ma haka, sai na taka totur sosai kafin ta motsa, in da ɗan tudu ma ba ta hawa. Man giyar ya yi duhu, yana warin ƙuna. Kuɗin da masu gyara suka yanka mini ya kusa kai abin da na sayi motar. Ina da gareji da kayan aiki daidai gwargwado, na saba gyaran birki da kafireta, amma ban taɓa buɗe giya otomatik ba. Niyyata in sauke ta in gyara da hannuna. Wanda ya taɓa yi ya faɗa mini tsakani da Allah, zai yiwu ko in haƙura?

Sadiq_Kabuga:
Wa alaikumus salam. Alhaji ka kai wa masu aikin kawai. Otomatik ba irin giyar hannu ba ce, abu ɗaya ka juya ba daidai ba sai an sake sauke ta.

Oga_Mai_Giya:
Wa alaikumus salam Baban Hanif. Kafin a yi maganar buɗewa, fara tabbatar da wace giya ce a ƙarƙashinka, don mota mai waɗannan shekaru ba a san hannu nawa ta bi ba. Leƙa kwanon man da ke ƙasan giyar. In kusan murabba'i ne an yanke kusurwa ɗaya, da noti 13, to TH350 ce. TH400 ma noti 13 gare ta amma kwanonta a karkace yake, ba shi da tsari. In ka ƙirga 16 to wani ya taɓa sa mata 700R4. Sannan ka duba ko akwai kebur da ya taso daga gefen giyar zuwa kafireta. TH350 da kebur take sauko da giya idan ka danne totur, TH400 kuwa da lantarki take yi.

Baban_Hanif_Texas:
Na duba Oga. Noti 13, kusurwa ɗaya a yanke, kebur ɗin ma yana nan.

Oga_Mai_Giya:
To Alhamdu lillahi, ka yi sa'a. In mutum zai koyi buɗe otomatik, da wuya ya samu wadda ta fi TH350 sauƙin kai. General Motors ta fito da ita a 1969 ta maye gurbin Powerglide mai hawa biyu, aka yi ta ƙera ta har cikin shekarun 1980, ba kwamfuta a jikinta, komai da ƙarfin mai yake aiki. Kayanta kuwa a inda kake kamar ƙasa.
Abin da ka bayyana ma ya riga ya nuna mai laifi. A cikin wannan giyar akwai kuloci kala huɗu. Na gaba yana kamawa a duk giyar tafiya gaba. Na tsakiya aikinsa giya ta biyu. Na can ƙurya yana aiki a ribas da kuma lokacin da ka ja sandar giya zuwa na ɗaya da kanka. Sai wanda ake kira dairek, shi a wuri biyu kaɗai yake kamawa, giya ta uku da ribas. Kai kuma nan biyun ne suka mutu maka. Ko dai faibobinsa, wato faifan da ke kamawa a cikin kulocin, sun ƙone, ko robar fistinsa ta bushe tana zubar da ƙarfin mai, galibi ma duka biyun ne, ɗaya ya jawo ɗaya.

Injiniya_Bello_Zariya:
Na yarda da Oga a kan dairek, amma ni ba na son a sauke giya ba a auna ta ba. Malam Baban Hanif, ka nemi agogon auna ƙarfin mai wanda yake kaiwa psi 300, ka ɗaura a ramin gwaji da ke jikin giyar, ka karanta a kowace giya ka rubuta. In ƙarfin ya yi ƙasa a ko'ina, famfo ne ko matatar mai ta toshe, kuma ka ga in ka zuba sababbin faibobi a kan wannan za su sake ƙonewa. In kuma a ribas da na uku kaɗai yake faɗuwa, ka san yoyon yana hanyar dairek. Da zarar giyar ta sauka ƙasa wannan gwajin ya wuce ka.
Ka kuma zare tiyon iska daga modileta, ɗan gwangwanin nan da ke gefen dama ta baya. In ka ga mai a cikin tiyon, fatar ciki ta fashe, injin yana zuƙe man giya yana ƙonawa. Mutum sai ya ga mai yana raguwa ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa, farin hayaƙi na fita ta salansa, kuma da ƙarancin man nan kuloci ke fara cin wuta.

Dattijo504:
Yara, wannan duk wahalar otomatik ce. Mu a-kori-kurar da muka sani Peugeot 504 ce da ake haɗawa a Kaduna, giyar hannu, in batir ya mutu yara uku su tura ka saki kuloci ta tashi. Na yi shekaru ina ɗaukar hatsi da ita, abin da na taɓa canzawa a wajen giya faifan kuloci ne kawai. Me zai hana ka cire wannan ka sa mata ta hannu ka huta?

Baban_Hanif_Texas:
Allah ya ƙara girma Baba. Na yi tunanin haka, amma sai an nemo feda, an huda ƙasan mota, an canza faifan bayan injin, aikin ya fi gyaran yawa. Kuma ina so ta zauna yadda aka ƙera ta.

Auwal_Lantarki:
Tambaya a gefe, don Allah. Me ya sa otomatik ba ta tashi da turi? Tun ina yaro nake jin haka ban san dalili ba.

Injiniya_Bello_Zariya:
Auwal, saboda famfon man giyar injin ne ke juya shi ta hanyar konbata, ƙaton gwangwanin mai da ke tsakanin injin da giya. In injin a kashe yake babu ƙarfin mai, babu kulocin da zai kama, tayoyi suna juyawa amma babu abin da ya haɗa su da injin. Wasu tsofaffin giyoyi na shekarun 1950 da farkon 1960 suna da famfo na biyu a baya wanda farfela, dogon ƙarfen da ke kai juyi zuwa tayoyin baya, ke juyawa, su ana iya tura su su tashi. TH350 ba ta da shi. Wannan dalilin ne ma ya sa ba a jan irin wannan mota da nisa tayoyin baya na ƙasa sai an kwance farfela, don cikin giyar zai yi ta juyawa babu mai.

Sadiq_Kabuga:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. Akwai wani maƙwabcinmu da ya buɗe giyar motarsa a tsakar gida, ƙarshenta a buhu aka kwashe kayan aka kai gareji, su ma suka ce ba za su karɓi aikin da wani ya warwatsa ba.

Maman_Ilham:
Malam Sadiq, wanda ya warwatsa ba tsari ne ke ƙarewa a buhu. Maigidana ya gyara ta tsohuwar Ford ɗinsa a gida, ni na riƙe masa waya ina ɗaukar hoton duk abin da ya fito kafin ya taɓa na gaba. Dogon tebur muka shimfiɗa wa farar leda, duk abin da ya fito a ajiye shi daga hagu zuwa dama yadda ya fito, fuskar da ke kallon sama ta ci gaba da kallon sama. Ƙananan kaya kuma a ledoji da rubutu. Abin da zan ƙara, ka hana yara shiga wurin, kuma kada ka fara ranar da ka san za ka tashi ka bar aikin rabi.

Oga_Mai_Giya:
Hajiya ta gama magana. Bari in ɗora da abin da na ga yana kayar da sababbin hannu.
Tsabta ita ce rabin aikin. Ka wanke bayan giyar tas kafin ka kwance noti ko ɗaya. Cikinta kuma kada tsumma ya taɓa shi, zaren tsumma guda ɗaya ya isa ya maƙale bawul. A wanke da kananzir ko ruwan wanke birki, a busar da iskar kwamfiresa.
Idan ka ɗaga allon bawul, wato allon da ke rarraba mai a ƙasan giyar, da farantin da ke ƙarƙashinsa za ka ga 'yan ƙwallaye guda 4 zaune a ramukansu. Tsaya nan ka ɗauki hoto. Ramukan da suka yi kama da nasu sun fi huɗu, kuma in ɗaya ta ɓata ko ta zauna inda ba nata ba, giyar za ta yi maka abin da ba za ka gane kansa ba. Wajen mayarwa ka liƙa su da basilin, haka ma wasoshin da ke tsakanin gangunan da kuloci ke zaune a ciki. Kada ka sa giris. Basilin yana narkewa cikin man giya da zarar ya ji zafi, giris kuwa toshe hanya yake.
Sababbin faibobi a jiƙa su cikin man giya akalla rabin awa kafin a jera. Ka ƙirga nawa ka cire a kowane ganga, don na V8 da na injin silinda 6 ba lallai adadinsu ya zo ɗaya ba, kwalin kayan gyara kuma yakan zo da rara. Bayan ka jera ka sa zoben kulle, ka auna ratar da ta rage. Abin da masu aikin ke bi shi ne wajen 0.010 na inci ga kowane faiba, amma littafin gyaran giyar shi ne alƙali, ka same shi kafin ka fara.
Inda ake kuka shi ne robar fistin. Tana da leɓe, kuma leɓen yana kallon ɓangaren da mai ke turowa. Wajen zura fistin leɓen yakan naɗe ko ya yage ba ka sani ba. Ka shafa mai, ka bi gefensa a hankali da siririyar roba da ka yanko daga gorar lemo. In ka gama kowane ganga ka hura masa iska ta ramin mai, za ka ji fistin ya buga, ka saki ya koma. In iska kawai ka ji tana fita, buɗe ka sake tun yana kan tebur.

Garba_Zinder:
Sannu da ƙoƙari Oga, Allah ya saka. Abu guda ban ji an ambata ba, auna wasan sandar gaba. Kafin a zare famfo ana ɗora agogon awo a bakin sandar a ja ta gaba da baya a rubuta. Lambar nan ce za ta gaya maka ko wasoshin ciki sun cinye, kuma da ita za ka zaɓi kaurin wasan da za ka mayar. Masu yawa sai sun gama haɗawa suke tunawa.

Baban_Hanif_Texas:
Na gode ƙwarai jama'a. Na bi shawarar Injiniya. Tiyon modileta a bushe yake. Ƙarfin mai a na ɗaya da na biyu yana daidai da abin da littafi ya ce, a ribas kuwa ya faɗi sosai. Na sauke kwanon, ƙasansa cike da baƙin gari kamar toka, amma ban ga ɓarɓashin ƙarfe ba. Na yanke shawarar zan buɗe in sha Allah.

Injiniya_Bello_Zariya:
Madalla. Baƙin garin nan faiba ne da ya ci. Rashin ƙarfe a ciki albishir ne, alamar haƙoran ciki ba su taɓu ba. Tunda dairek ne, ka duba abu biyu da kyau. Bayan famfo akwai wuya mai zobba, uku daga ciki su ke kai wa dairek mai. Ka duba cikin gangan inda suke gogawa, in sun yi masa zane mai zurfin da farce ke kamawa, sabon zobe ba zai toshe ba, sai dai wani gangan. Sai kuma bushin ɗin gangan, in ya sake gangan yana rawa, shi ke cinye zobban tun farko.

Hamza_Atlanta:
Yaya Baban Hanif, ni wani ra'ayi gare ni daban. Tunda giyar za ta sauka ko ta yaya, me zai hana ka sa 700R4? Ta fito a 1982, hawa huɗu ce, ta huɗun 0.70, wato injin ya yi juyi 0.70 farfela ta yi juyi ɗaya. TH350 ta ukunta 1.00 ce, daga nan babu ƙari. Lissafi ne mai sauƙi, in injinka yana juyi 3000 a minti a babbar hanya, da 700R4 zai sauko 2100. Ga sauƙin mai, ga raguwar ƙara. Ta ɗayanta ma 3.06 ce, taka 2.52, ka ga har tashi za ta fi ƙarfi. A titunan Texas masu tsawon nan ni ban ga dalilin zama da hawa uku ba.

Oga_Mai_Giya:
Hamza, lissafinka daidai ne, amma ba ka faɗi sauran ba. 700R4 ta fi tsawo a mafi yawan haɗi, sai an taɓa farfela da ƙarfen da giyar ke zama a kai. Sai an ja wayar kulle konbata. Babban abin kuma kebur ɗinta. A TH350 in kebur bai saitu ba, iyaka ta ƙi sauko da giya in ka danne totur. A 700R4 kebur ɗin ne ke faɗa wa giya yawan ƙarfin man da za ta bayar, in ya yi sako-sako kulocin na uku da na huɗu zai ƙone cikin ɗan lokaci. Mutumin da bai taɓa buɗe otomatik ba, ban so ya fara da ita.

Hamza_Atlanta:
Gaskiya ne batun kebur, amma akwai ƙarfen ɗaurawa da ake sayarwa daidai da kowace kafireta. Ba abin tsoro ba ne in an bi a hankali.

Dattijo504:
To ku kuna ta lissafin gudu, shi mutumin nan ya ce yana son motarsa yadda aka ƙera ta. A bar shi da abin da ransa ke so.

Nura_Panteka:
Allah ya ba da sa'a Alhaji. Ni tsorona wajen saukewa da ɗorawa ne. Giyar nan tana kai wajen kilo 55 ba tare da konbata ba, kada ka ce za ka tare ta da ƙirji. Ka nemi jak na giya, motar kuma ta zauna a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, ba bulo ba, ba jak kaɗai ba. Mun rasa wani abokin aiki a ƙarƙashin mota saboda bulo ya fashe, Allah ya jiƙansa. Ka cire kan batir kafin komai.
Wajen mayarwa kuma, konbata a jikin giya ake fara zura ta, ba a jikin injin ba. Kana juyawa kana turawa, za ka ji ta faɗa ciki mataki-mataki har ta kama haƙoran famfo. In ka haɗa giya da injin ka ga ba su manne da kansu ba, kada ka ja su da noti. Konbatar ce ba ta zauna ba, in ka matsa famfon zai fashe tun kafin ka tayar da mota. In ta zauna daidai za ka ga 'yar rata tsakaninta da faifan injin, kai ne za ka jawo ta gaba ka ɗaure.

Maman_Ilham:
Amin ya Allah. Allah ya jiƙansa ya kyauta namu zuwan.

Auwal_Lantarki:
Allah ya gafarta masa. Oga Nura, tsohuwar konbatar fa, a wanke a mayar?

Nura_Panteka:
A'a. A rufe take da walda, ba ka da hanyar fitar da dattin da ya shige ta. Duk baƙin garin da Alhaji ya gani a kwano, akwai irinsa a cikinta da kuma cikin bututun da ke kai mai lagireto. A sa wata konbatar, a wanke bututun da ma'ajin sanyaya man har sai abin da ke fitowa ya fito fes. In ba haka ba dattin jiya zai koma cikin sabon aiki.

Sadiq_Kabuga:
To kun gani, konbata sabuwa, kayan gyara, jak na giya, agogon awo kala biyu, abin matse sifirin. In aka tara duka anya bai kai kuɗin masu gyaran ba? Su kuma za su ba shi garanti.

Hamza_Atlanta:
Bai kai ba Malam Sadiq. A nan kuɗin hannu ne ke da tsada, ba kaya ba. Kuma shagunan kayan mota da yawa suna ba da aron kayan aiki, ka ajiye kuɗi, ka dawo da kaya a mayar maka.

Garba_Zinder:
Batun mai kuma, Dexron ake zuba wa wannan. Kada a ɗauko Type F, wancan na tsofaffin Ford ne. Daga bushe har konbata tana shan wajen lita 10, amma ba a zuba duka lokaci guda. A zuba wani a cikin konbata kafin a ɗora, a zuba kamar lita 4 a giya, a tayar, a ci gaba da ƙarawa ana dubawa. Awon ƙarshe sai ta yi zafi, injin na aiki, tana kan P, a wuri mai daidai. Mu nan zafi ne ke kashe mana otomatik, kuma na ji Texas ma ba baya ba ce wajen zafi, don haka ƙaramin lagireton mai na daban a gaba ba asara ba ne.

Baban_Hanif_Texas:
Salam jama'a. Giya ta sauka lafiya, na auna wasan sanda kamar yadda Malam Garba ya ce kafin in zare famfo. Maganar Oga ta tabbata, faibobin dairek sun yi baƙi ƙirin, faifan ƙarfen da ke tsakaninsu sun yi shuɗi saboda zafi, robar fistin kuwa ta bushe har tana karyewa a hannu. Cikin gangan babu zane. Na gaba da na tsakiya da sauran ƙarfinsu amma duk zan canza. Inda na tsaya yanzu shi ne fistin na can ƙurya, abin matse sifirin da nake da shi bai kai wurin ba. Tunda ba shi ne ya kawo matsalar ba, in bar shi yadda yake?

Oga_Mai_Giya:
Kada ka bar shi. Robar da ke can shekarunta ɗaya da wadda ta karye a hannunka, kuma ribas da shi yake aiki. Dogon ƙarfe mai zare da noti biyu da ɗan faifai sun isa ka haɗa abin matsewa da kanka, ta bayan giyar ake zura shi. In ka cire zoben kulle, iska za ka hura ta ramin mai fistin ya fito. Kafin ka kai can ma akwai wani ɗan lanƙwasasshen sifirin da ke tokare da faifan tsakiya a jikin kwankon giyar, ka lura da inda yake zaune ka ɗauki hoto.

Injiniya_Bello_Zariya:
Kuma wajen ɗaure allon bawul ka karanta littafin da kyau, awon ƙarfin ɗaure notocinsa da inci-fam ake bayarwa, ba da ƙafa-fam ba, tsakaninsu ninki 12 ne. Jikin giyar alminiyom ne, zarensa ba ya jure matsi.

Hamza_Atlanta:
Tunda ka tsaya a kan TH350 shi ke nan, amma ko kayan ƙara kaifin canjin giya ka sa mata. Canji mai kaifi yana rage sulɓin da ke cin faiba.

Oga_Mai_Giya:
In zai sa, ya sa mafi sauƙi. Canjin na ɗaya zuwa na biyu in ya cika duka, zoben waje na boris mai juyi hanya ɗaya da ke kan gangan dairek ne ke fashewa, sanannen rauni ne a wannan giyar. Akwai mai tauri da ake sayarwa, wanda zai ƙara kaifi ya fara sa shi. Ni a aikin farko na fi son a mayar da komai yadda yake, in wani abu ya ƙi sai a san inda za a nema.

Nura_Panteka:
Alhaji ka duba haƙorin robar da ke kan gwamna, abin da ke auna gudun mota don canjin giya, tunda giyar tana ƙasa. In ya cinye motar za ta maƙale a na ɗaya ka zaci aikinka ne ya ɓaci.

Baban_Hanif_Texas:
Na duba Oga Nura, haƙorin da sauransa amma zan sa sabo. Gobe zan haɗa abin matsewar da Oga ya kwatanta. Batun kayan kaifi ban yanke ba tukuna. Bushin kuma fa, in canza duka ne ko na famfo da na dairek da na wutsiya kaɗai? Ba ni da injin matsa su, sai guduma da abin bugawa.

Garba_Zinder:
Turo hoton kowanne mu gani tukuna, musamman na cikin famfo.